Abin da Na Rubuta wa Surukina

Ni mutum ne mai saurin baki, wannan ko masoyina ba zai yi musu ba. Idan ana gardama a gindin darbejiyar ƙofar masallacinmu bayan la'asar, kafin ka hango fuskata ka ji muryata. Na daɗe ina koyarwa a firamaren garinmu, na saba in yi magana a yi tsit. Mutum ɗaya ne tak idan na je gabansa harshena ke yin nauyi, shi ne mahaifin mai ɗakina. Baba nake ce masa, shi kuma Malam yake ce mini, bai taɓa kama sunana ba.

Ƙauyensu bai fi tafiyar rabin awa a babur daga namu ba. Idan na je, tun daga nesa nake kashe babur in turo shi, in cire takalmi, in durƙusa a gefen tabarma ba a kanta ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Ko ruwa aka kawo mini, sai in taɓa kofin in ajiye. Hirarmu ba ta wuce gaisuwa: ya gida, ya yara, ya zafi. Daga nan sai shiru, yana jan carbi ina kallon yatsun ƙafata, har Allah Ya kawo wanda zai raba mu. Haka na tarar ana yi da suruki, haka nake yi, kuma wallahi har alfahari nake da hakan, don an sha yabona a dangin matata cewa ɗan boko ne amma akwai kunya. Shi kuma Baba dattijo ne da aka sani da gaskiya. Idan rigimar iyakar gona ta tashi a ƙauyensu shi ake kira, abin da ya ce ya gani da idonsa a kai ake tsayawa.

A wata bazara, wata ƙungiya mai tallafa wa ƙananan manoma ta shigo yankinmu da shirin raba takin zamani da ingantaccen iri. Wanda bai san ƙasarmu ba ba zai gane girman wannan magana ba. Gonakinmu a manne suke da juna, iyaka sai ɗan layin gamba, babu gonar da ake barin ta huta ko da damina ɗaya. Ƙasa ta gaji. In ba ka zuba mata ba, geron zai fito ya yi ja, ciyawar ƙuduji ta bi shi ta ƙarasa. Taki kuwa ya yi tsadar da mai ƙaramin ƙarfi sai dai ya hange shi a kasuwa ya wuce. To ga wasu sun ce za su bayar, amma ba ga kowa ba, sai wanda ya fi buƙata. Kuma ba mai unguwa ne zai zaɓa ba, ba kansila ba, na'ura ce za ta zaɓa. Mutane suka yi murna da wannan, don an sha raba abu ya ƙare a gidajen masu rabon.

Aka ɗauki wasunmu malaman makaranta aikin rajista. Aka kai mu bita a wani ɗakin taro a Bacirawa, aka ba kowa babbar waya mai ɗauke da fom. Aikin shi ne ka je gidan manomi, ka ɗauki hotonsa, ya dangwala yatsa, sannan ka yi masa tambayoyi ka shigar da amsoshi. Rumbu nawa gare shi, nawa ne ke da hatsi. Dabbobin da ke ɗaure a gidan, nasa ne ko kiwo aka ba shi. Sau nawa ake ɗora tukunya a rana. Ko ya sayar da wani abu nasa don ya sayi abinci. Idan ka tura, can a inda ba mu sani ba na'ura za ta auna amsoshin ta ba mutum maki, wanda ya kai ya shiga, wanda bai kai ba ya fita. Babu ɗan Adam da zai duba.

Bayan an ci abincin rana a ranar ƙarshe, wata lauya ta tashi ta yi mana bayani a kan dokar kare bayanan mutane. Ni cikina ya ɗauki shinkafa, fanka tana kaɗawa, ina ta gyangyaɗi. Amma kada in yi wa kaina ƙarya, na ji abin da ta ce. Ta ce bayanan da za mu ɗauka ba namu ba ne, na manomin ne. Dole mu gaya masa cewa na'ura ce za ta yanke hukunci da su, mu karanta masa abin da muka rubuta kafin mu tura. Ta ce yana da haƙƙin ya ga abin da aka ajiye a kansa, ya sa a gyara in akwai kuskure, kuma in hukuncin na'urar bai yi masa ba, yana da haƙƙin ya ce sai mutum mai rai ya sake dubawa ya saurare shi. Na ce a raina, wane manomi ne zai tsaya wannan dogon turanci, a ba shi taki kawai ya tafi.

Aikin ya karɓe ni, ba yabon kai ba. Gida gida nake bi, ba na ɗaga wa kowa ƙafa. Akwai wani da ya kwashe awakinsa ya kai gidan maƙwabci kafin in iso, ya manta bai share kashinsu ba. Na tsaya a tsakar gidan na wanke shi tas, na ce masa irinsu ne ke hana talaka samun haƙƙinsa, na sa aka dawo da awakin na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Da yamma na ba da labarin a majalisa ana ta dariya, ni ma ina yi.

Sai ga ƙauyen su Baba ya faɗo a cikin rabona. Da na so, da na roƙi wani abokin aikina mun yi musanya, magana ce ta minti ɗaya. Ban yi ba. Gani nake gara ni ɗan gida in yi masa, kada wani ya zo ya yi masa rashin ladabi.

Na same shi da hantsi a ƙofar gida, shi da dattawa biyu maƙwabtansa. Na durƙusa muka gaisa. Ya shiga ya ɗauko katinsa na ɗan ƙasa a cikin leda, na ɗauki hotonsa, ya dangwala yatsa. Duk wannan ya tafi daidai. Sai na danna, shafin tambayoyi ya buɗe, idona ya sauka a kan ta farko: sau nawa ake ɗora tukunya a gidan nan a rana.

Ina zan fara? Mutumin da ya ɗauki 'yarsa ya ba ni, wanda ko tari ba na yi a gabansa, shi zan ɗaga kai in tambaya ko gidansa na kwana da yunwa, ga abokansa a zaune? Kuma akwai wani abu a ƙarƙashin wannan, wanda na daɗe ban yarda na kalle shi ba. In ya ce sau ɗaya fa? To ni mene ne amfanina, surukinsa mai albashi, mai babur, mai baki a majalisa? Ban so in ji amsar ba, gaskiyar ke nan. Na kife wayar a cinyata na ce, Baba shi ke nan, an gama.

Ya ce, “Har an gama, Malam? Na ji an ce akwai tambayoyi.”

Na ce, “Ai na san amsoshin, Baba.”

Ya ce to, Allah Ya yi albarka. Na yi sallama na turo babur.

A gindin wani gawo a bakin hanya na tsaya na cika fom ɗin. Na rubuta abin da idona ya gani daga waje. Rumbu uku a tsaye a bayan gida, na sa uku, na sa duka da hatsi. Shanun huɗa biyu a turke a ƙofar gida, masu ƙiba, na sa nasa ne. Wajen tukunya yatsana ya fara zuwa kan biyu, sai na tuna shugaban rukuninmu ya san surukina ne kuma zai iya ganin fom ɗin, na matsar da shi kan uku. Ko ya sayar da wani abu don abinci, na ce a'a. Na san sarai cewa duk abin da na ƙara masa maki nake rage masa. Amma na ce wa kaina tsoho ne, gonarsa ƙarama ce, ko yaya aka yi zai shiga. A ƙarshen fom akwai ɗan akwatin da ke cewa na karanta wa manomi duk abin da na rubuta kuma ya amince. Na danna shi, na jira sabis ya kawo, na tura.

Daga baya ne na san abin da kowa a ƙauyen ya sani. Shanun na wani ɗan kasuwa ne daga wajen Shanono, kiwo ya ba Baba, ladansa kashin shanun da yake tarawa ya kai gona. Rumbu biyu babu komai a ciki sai ɓeraye, na ukun kuwa an kai ga sai an shiga ciki ake ɗebowa. Keken da na daina gani a zaure na ɗauka gyara ya tafi, ashe an sayar. Mai ɗakina ta san rabin wannan, tana ɗan aika musu da abin da ta samu a ɓoye don kada in ga kamar gidansu ya zame mini nauyi. Ita ba ta faɗa ba, ni ban tambaya ba.

Sakamakon ya zo ta saƙon waya, ana saura kaɗan ruwa ya sauka. Dattawan nan biyu da na tarar a ƙofar gidansa duk sun shiga. Na Baba layi ɗaya ne, wai bai cika sharuɗɗa ba. Na dawo daga makaranta na tarar da mai ɗakina a zaune a bakin murhu ba ta hura wuta ba. Ta gaya mini, ta ce gonar nan ita kaɗai ta rage masa, bara ma da ƙyar ta kai su tsakiyar rani, in bai samu takin nan ba bana ba ta san yadda za a yi ba. Ta tambaye ni ko na san dalili, tunda ni na yi masa rajista.

Nan ne ya kamata in faɗa mata. Maimakon haka sai na hau faɗa. Na ce na'ura ce, na'ura ba ta da imani, mu dai turawa kawai muke yi. Na fita majalisa da wannan zafin, na buɗe murya. Na ce yaushe ƙarfe ya san talaka? Na ce an zauna a ofis mai sanyi an ɗora wa kwamfuta alƙalanci, ba ta taɓa riƙe fartanya ba, ba ta san warin ƙasa ba, ta hana dattijo irin Baba ta ba masu ɓoye awaki. Na tsine wa na'urar, na tsine wa wanda ya ƙera ta. Allah Ya sani, ina yi ina jin daɗi, don muddin ina ihu babu mai kallona da tambaya. Jama'a suna ta cewa gaskiya ne Malam.

Wani abokin aikina, wanda muka je bita tare kuma shi bai yi gyangyaɗi ba, ya bari sai da na numfasa. Sannan ya ce ai abin da sauƙi, ko na manta abin da lauyar nan ta ce? Doka ta ba Baba dama ya nemi mutum ya sake duba maganarsa, a fito da abin da aka rubuta a kansa a karanta. Ya ce tunda ni ne na fi kowa jin zafin abin, kuma na fi kowa iya rubutu, in rubuta takardar yau, shi zai kai ofis gobe don yana da shiga birni. Majalisa ta ɗauka, kowa na cewa haka za a yi. Na sha jinin jikina. Amma mutumin da ya gama tsine wa na'ura a gaban mutum goma ba shi da bakin cewa a bar maganar.

Kafin in isa gida labarin ya riga ni. Mai ɗakina ta tarye ni da fara'a, ta ɗauko mini biro da takarda da kanta, tana sa mini albarka. Na rubuta. Na rubuta ta da kyau ma, don hannuna bai iya rubuta mummunar wasiƙa ba. Aka kai wa Baba ya dangwala. Ni kuwa addu'ata ɗaya ce, Allah Ya sa a jefa ta a kwandon shara kamar yadda aka saba yi wa takardun talakawa. Dubi irin addu'ar da nake yi a kan abincin surukina.

Ba a jefa ta ba. Bayan ruwan shuka, gero ya fara tsirowa, aka aiko cewa wata jami'a za ta zo ta saurari duk waɗanda suka yi ƙorafi, kuma dole wanda ya yi wa kowannensu rajista ya halarta. A wani aji na firamaren ƙauyen su Baba aka zauna. An jera bencina, manoma a gaba, mu masu rajista a gefe ta wajen taga. Jami'ar wata Hajiya ce mai matsakaicin shekaru, mai magana a hankali, ta buɗe kwamfutarta a kan teburin malami. Ta fara da cewa doka ba ta yarda na'ura ita kaɗai ta yi maganar ƙarshe a kan abin da ya shafi rayuwar mutum ba, shi ya sa ta zo. Za ta karanta wa kowa abin da aka rubuta a kansa, ta gaya masa abin da ya sa na'urar ta fitar da shi, shi kuma ya faɗi abin da ba daidai ba, ta gyara nan take. Ta ƙara da cewa in ta tarar mai rajista bai yi tambaya ba ya cika da ka, za a cire shi daga aikin, a kuma sanar da inda yake aiki. Da ta faɗi wannan ba ta kalli kowa ba, amma ni na sunkuyar da kai.

Mutum biyu suka riga Baba. Na farko an sa masa gonar ƙanensa a cikin tasa, ta yi girma fiye da ƙima. Ya yi bayani, mai unguwa ya shaida, ta gyara, ta ce ya shiga, ya je ya karɓi takinsa ranar rabo. Abin bai ɗauki minti goma ba. Na ga da idona cewa ƙofar a buɗe take, kuma matar nan da gaske ta zo. Na biyun bai yi nasara ba, amma ya fita ya san dalili.

Aka kira Baba. Ya tashi da farar rigarsa ta zuwa Juma'a, ya zauna a bencin gaba, ya ajiye sandarsa. Hajiya ta gaishe shi da ladabi. Ta ce abu huɗu ne suka fitar da shi, sannan ta karanta. Rumbu uku, duka da hatsi. Shanun huɗa biyu, mallakarsa. Ana ɗora tukunya sau uku a rana, bai sayar da komai don abinci ba. Ta ce a idon na'ura, mai wannan hali ba ya cikin masu tsananin buƙata.

Ajin ya ɗauki gunaguni. Maƙwabtansa ne a zaune, sun san rumbunan, sun san mai shanun. Ni kaina na ƙasa, ina kallon wani rami a simintin ajin. Ina jiran ya juyo ya kalle ni. Da ya kalle ni ma da na ji sauƙi.

Hajiya ta ce, “Baba, an yi maka waɗannan tambayoyin? Kai ka ba da waɗannan amsoshin?”

Bai juyo ba. Ya gyara zaman hularsa ya ce, “Ni na faɗa, Hajiya. Abin da na gaya wa Malam shi ya rubuta.”

Ɗaya daga cikin dattawan da suke ƙofar gidansa ranar da na je ya yunƙura, ya fara cewa ai shanun nan, sai Baba ya ɗaga masa hannu ba tare da ya waiwaya ba. Dattijon ya koma ya zauna. Shi ma yana wurin ranar, ya ji lokacin da na ce na san amsoshin. Ya kalle ni sau ɗaya, ya kawar da kai.

Hajiya ba yarinya ba ce, ta ga akwai wani abu. Ta ajiye biro ta yi masa magana a tausashe. Ta ce ba laifi ba ne mutum ya gyara maganarsa, bayanan nasa ne, in akwai abin da ba haka yake ba ya faɗa yanzu ta canza, takin yana nan ba a raba ba. Ta ce sai dai in bambancin ya yi yawa dole ta tambayi mai rajista yadda aka yi, don an umarce su su duba da idonsu, su kuma tambayi ko dabba ta kiwo ce. Ta sake tambayarsa ko yana so a gyara wani abu. Na san abin da yake aunawa, don a fili yake: buhunan da gonarsa ke jira a hannu ɗaya, mijin 'yarsa a ɗaya hannun, a tsaye a gaban jama'a ana tuhumarsa da ƙarya.

Ya ce, “Alhamdulillahi, muna cikin rufin asiri. A ba wanda ya fi ni buƙata.”

Mutumin da ake rantsuwa da shaidarsa a kan iyakar gona, shi ne ya zauna a gaban garinsu ya faɗi abin da kowa ya san ba haka ba ne, saboda ni.

Sai Hajiya ta juyo wajen taga. Ta duba sunana a kwamfutar, ta ce, “Malam, kai ka yi rajistar. Kana da abin cewa?”

Na sha ba kaina wannan labari ta hanyoyi da yawa. Na ce ai da na yi magana da na ƙaryata Baba a bainar jama'a, wannan ya fi muni. Na ce ai shi ya zaɓa, girmama shi ne in bar shi a kan zaɓinsa. Duk waɗannan daga baya na ƙirƙiro su. A lokacin babu abin da ke raina sai hedimasta, da majalisa, da mutumin nan mai awaki wanda yake zaune a bencin baya. Kalma biyar ta isa, in ce ban tambaye shi ba, Hajiya. Ni da ba a taɓa rasa magana a bakina ba.

Na ce, “Babu, Hajiya.”

Ta ɗan daɗe tana kallona. Sannan ta rubuta, ta karanta a fili cewa mutum ya sake duba hukuncin, an saurari mai ƙorafi, ya tabbatar da bayanansa, hukunci ya tsaya yadda yake. Baba ya dangwala yatsa, ya yi mata godiya, ya ɗauki sandarsa. Daga wannan rana ban sake samun bakin zagin na'ura ba. Ita abin da na ba ta ta auna. Doka ta kawo mutum har cikin ƙauye, ta zaunar da shi a gabanmu, ta tambaye ni da baki, na ce babu.

A waje na same shi yana sa takalmi. Na durƙusa a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya ce, Malam, a gaida yara. Ya bi hanyar gonarsa.

Na yi niyyar zuwa ofishin nan ni kaɗai in faɗi gaskiya. Sau biyu ina rubuta takarda ina yagawa. Ina cikin yau da gobe aka yi rabo, motar ta zo ta tafi. Da wata ya yi na je kasuwar Dawanau na auno takin da ƙarfina ya kai, 'yan kwanoni, na ba mai ɗakina ta kai a ce daga ita ne. Kusurwa ɗaya ta gonar ya isa. Duk wanda ya bi hanyar a wannan damina ya ga gonakin maƙwabta sun yi baƙi ƙirin don kyau, ta Baba a tsakiyarsu ja, gajera, ƙuduji ya yi fure a cikinta. Na daina bin hanyar, na riƙa zagayawa ta bayan gari ko da ya fi nisa.

Da kaka ta yi, wata safiya sai ga amalanke a ƙofar gidana da damin gero ɗaya, wai Baba ya ce a kawo wa yara su sha kunun sabon hatsi. Aka shigo da shi tsakar gida. Mai ɗakina ta kwance igiyar, ta zaro zangarniya ɗaya ta riƙe. Siririya ce, rabinta babu ƙwaya. Ta juya ta a hannunta, idonta ya kawo ruwa. Ita labarin da ya iso mata shi ne wanda kowa ya ji, cewa mahaifinta da bakinsa ya ce rumbunansa cike suke.

Ta ce, “Malam, dubi abin da son girma ya jawo wa Baba. Ka wahala ka rubuta takarda, aka zo har gida, ya ƙi faɗin gaskiya. Wallahi na kasa yafe masa wannan.”

Tana kallona tana jiran in ce wani abu. Yara suna zagaye da damin suna tsinko ƙwaya suna taunawa.

Na ce, “A yi masa uzuri, tsufa ne.”

Ta share ido da bakin zaninta, ta ce haka ne, Allah Ya saka mini da alheri da nake haƙuri da shi. Ta ja damin zuwa bakin turmi.